Gwangwanin Hajiya: yadda muka tantance tsofaffin sulalla 83 da aka bar mana gado a Umbadda

Ranar da Baffa ya koma gidanmu na Umbadda, a tsakiyar 2025, bai tarar da ƙofa ko taga ba. An kwashe kwanon rufin ɗakuna biyu, an zare wayoyin lantarki daga bango, ko angarib ɗin da Hajiya take kwana a kai ba a bari ba. Abu ɗaya ne waɗanda suka shiga gidan ba su gani ba, don ba wanda zai yi tunanin tona ƙasar da ke ƙarƙashin mazaunin zir: wani tsohon gwangwanin madara da Hajiya, kakarmu, ta binne da hannunta ana jibi za mu fita. Ita ba ta dawo ba. Allah ya karɓi abarsa a Gadarif a 2024 muna zaman gudun hijira, amma kafin ta cika ta faɗa wa Gwaggo wurin.

A cikin gwangwanin akwai ƙullin tsumma guda huɗu da wani zare da aka jera kwabbai masu huda a jikinsa. Da aka zazzage a kan tabarma aka ƙirga, sulalla 83 ne. Wasu farare, wasu sun yi baƙi ƙirin, wasu sun yi kore. Akwai mai hoton mace, akwai mai zakara, mai zaki, mai raƙumi, mai tauraro, sai guda ɗaya rawaya da kowa ya zuba wa ido. Babu ko ɗaya da za ka miƙa wa mai raksha yau ya karɓa.

Magada huɗu ne: Baba da Baffa da gwaggonninmu biyu, ɗaya a nan, ɗaya a Jidda. Kafin mako ya zagayo an sami farashi biyu, tsakaninsu kamar sama da ƙasa. Wani dillali da Baffa ya nuna wa hoto a waya ya ce a kawo duka ya ɗora a sikeli ya biya kuɗin ƙarfe, halas, "ai tarkacen tsofaffi ne, Alhaji." Ɗan Gwaggo kuma ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp daga Jidda yana rantsuwa cewa mai hoton macen nan shekararta 245 a duniya, ƙwaya ɗaya za ta sayi gida a unguwar Riyad ta Hartum, kada wanda ya kuskura ya taɓa. Baffa so yake ya rufe ɗaki kafin damina ta kankama. Gwaggo gani take za a yi wa kayan uwarta cinikin wulaƙanci. Aka fara gaisawa sama-sama.

Ni aka ɗora wa aikin, ba don na san kuɗi ba, sai don ni ne na fi sabawa da haruffan boko a gidan. Na yi kusan wata guda a kai. Abin da na koya ne nake rubutawa, don na san gwangwani irin wannan ba a gidanmu kaɗai yake ba. Kusan duk tsohon gidan Hausawa a Umdurman, ko Mai Wurno, ko Wad Madani, ko Kasala, kakanninsa ƙafa ce ta kawo su daga yamma da niyyar Makka, kuma kowace ƙasa suka ratsa sai ta bar musu canjinta a aljihu. Tsofaffi kuma ba su taɓa yarda da takarda ba, kuma ba za ka ga laifinsu ba. Hajiya kaɗai ta ga fam na 1957, ta ga dinari na 1992, ta ga sabon fam na 2007 wanda ɗayansa ya haɗiye tsoho dubu. Canjin takardun 500 da 1,000 da aka fara a Disamban 2024 ne kawai bai riske ta ba. Azurfar da ke cikin tsummanta kuwa nauyinta bai motsa ba.

Kafin komai, kada a wanke

Wannan darasin a makare muka koye shi. Kafin in iso, Gwaggo ta riga ta dirje guda biyu da toka da lemun tsami, don a ganinta abin kunya ne a nuna wa baƙo kuɗi mai dauɗa. Sun yi ƙyalli, amma duk jikinsu ya yi ƙarce. Baƙin da tsohuwar azurfa take yi ba dauɗa ba ce, shaidar shekarunta ce, kuma masu tara tsofaffin kuɗi suna rage farashi sosai idan sun ga an goge. In ƙasa ce ta manne, ruwa mai tsabta da yatsa sun isa, a shanya a kan ƙyalle mai laushi.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin sikelin maƙeran zinariya mai auna giram, rula, mayen ƙarfe da muka ciro daga tsohuwar lasifika, kyamarar waya, da littafin rubutu. Kowane sule aka ba shi lamba, aka ɗauki hotonsa gaba da baya, aka rubuta nauyinsa da faɗinsa da duk harafin da ido ya iya kamawa, sannan aka naɗe shi shi kaɗai a takarda. Mayen ƙarfe yana fitar da mai baƙin ƙarfe. Azurfa ba ta kama shi, amma tagulla da dalma ma ba sa kamawa, saboda haka wanda bai manne ba bai zama azurfa ba tukuna.

Macen da shekararta ba ta canzawa

Goma sha ɗaya daga ciki masu hoton macen ne. Sarauniya Mariya Tereza ce ta Ostiriya, sanye da lulluɓin takaba, a bayan kuma gaggafa mai kai biyu, shi ya sa Larabawa suke kiran kuɗin Abu Ɗaira, wasu su ce Abu Nuƙɗa, a Hijaz da Yaman kuma riyal faransi, alhali ba ruwansa da Faransa. Kakanninmu dala suka san shi. A gefen hoton an rubuta M. THERESIA D. G. R. IMP. HU. BO. REG., a baya kuma rubutun ya ƙare da 1780 da wata alama kamar X. Ko kaurin bakinsa akwai rubutu a zagaye.

Ɗan Gwaggo 1780 ɗin nan ya gani hankalinsa ya tashi. Abin da bai sani ba shi ne, a shekarar ce sarauniyar ta rasu, kuma tun daga lokacin duk wanda aka buga wannan shekarar ake sa masa, har wanda ake bugawa a Viyana yau. Dalili kuwa 'yan kasuwar Bahar Maliya da Habasha da Sudan da Borno sun saba da fuskarta, sun amince da azurfarta, kuma ko ɗigo aka canza sai su ƙi karɓa. Sukan duba duwatsun maɓallin da ke kafaɗarta: in sun shafe, to kuɗin ya sha hannu, a rage masa daraja. Tun 1858 aka daina cin kasuwa da shi a Ostiriya kanta, amma ba a daina buga shi don mu ba. Da Italiya za ta afka wa Habasha a 1935 sai ta soma buga shi a Roma. Ingila ta bi sahu a Landan daga 1936, aka kuma buga a Faris da Burasels da Bamingham, da Bombay lokacin yaƙin duniya na biyu. An ƙiyasta cewa tsakanin 1751 da 2000 an buga kimanin miliyan 389. Abin da aka buga miliyan ɗari uku da ɗoriya ba zai sayi gida a Riyad ba.

Amma kuma ba tarkace ba ne kamar yadda dillali ya faɗa. Dala ta gaske giram 28 ce da ɗan ɗigo, faɗinta kusan santimita huɗu, kashi 833 cikin dubu azurfa ne. Ke nan kowace ɗaya tana ɗauke da giram 23.4 na tatacciyar azurfa. Lissafin ba wuya: ka tambayi kuɗin giram ɗin azurfa na ranar a wurin maƙera biyu ko uku, ka ninka da 23.4, ka san ƙasan farashin da bai kamata ka sauka daga kai ba. Akwai 'yan ƙalilan na farkon bugu da masana suke ganewa ta ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin hoton da fasalin gashin wutsiyar gaggafar, waɗannan sun fi tsada, sai dai yawancin na gidajenmu bugun ƙarni na 19 da na 20 ne.

Takwas daga namu sun faɗa tsakanin giram 27.6 da 28. Biyu an liƙa musu ƙaramin kunne don ratayawa a wuya, Gwaggo ta ce ta tuna su a wuyan Hajiya ranar suna. Azurfarsu tana nan, amma mai tara kuɗi ba zai so su ba. Ta goma sha ɗayan giram 24 ta yi. Da muka ɗora ta a kan yatsa muka ƙwanƙwasa, maimakon dogon amon da 'yan uwanta suke yi sai ta ce "ƙwal" ta yi shiru. Rubutun bakinta a dagule yake, ga wani siririn layi a zagaye inda aka haɗa mazubi biyu. Jabu ce. Baffa ya yi dariyarsa ta farko tun da ya dawo, ya ce, "Ashe tun zamanin Malam ake damfara." Malam shi ne mahaifin Hajiya, wanda ya fara tara kuɗin.

Sunan dala ya fi kuɗin daɗewa a bakinmu. Lokacin da Bature Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, dala ɗaya wuri 2,500 ake canza ta. Da Faransawa suka kawo tasu babbar azurfar ta faran biyar, mai giram 25, sai ta gaji sunan, shi ya sa har gobe Bahaushen Maraɗi ko Damagaram in ya ce dala yana nufin sefa biyar, kamar yadda Balaraben Cadi yake cewa riyal. Irin waɗannan uku muka samu, ɗaya da kan Napoliyon na uku.

1293 ba shekarar Bature ba ce

A nan mu 'yan Sudan muka fi masu tara kuɗi na Turai sa'a: rubutun da suke wahala a kansa shi ne muka koya tun muna allo. Duk da haka akwai tarko. Ɗan Gwaggo ya ga ١٢٩٣ a jikin wani ƙaramin sule na azurfa ya ce ya haura shekara 700. Hijiriyya ce. In kana son ka mayar da ita Miladiyya, ka ninka da 0.97 ka ƙara 622, sai ka sami 1876.

Tarko na biyu ya fi wannan. A kuɗin Daular Usmaniyya, da na Masar lokacin da take ƙarƙashinta, babbar shekarar da aka rubuta ba ta bugu ba ce, ta hawan sarki ce. 1255 Abdulmajid ne, 1277 Abdul'aziz, 1293 Abdulhamid na biyu, 1327 Muhammad Rashad. Shekarar bugun tana ɓoye a wata ƙaramar lamba, ko dai a ƙarƙashin ɗugra, wato ƙulallen sa hannun sarkin nan mai kama da tafin hannu, ko a saman kalmar "ɗuriba". Ka haɗa biyun ka cire ɗaya. Namu yana da 33 a saman "ɗuriba fi Misra": 1293 da 33, a cire ɗaya, 1325 ke nan, wato 1907. Majidi biyu da muka samu, manyan nan masu girshi 20 da nauyin giram 24, an rubuta musu "Ƙusɗanɗiniyya" da 1277, ɗaya da lamba 9, ke nan 1285, wajen 1868. A kula da ٢ da ٣ idan kuɗi ya sha hannu, haƙori ɗaya ne tsakaninsu, kuma shi ne yake fara shafewa.

Sauran na Masar ba su ba mu wahala ba, kuma su ne suka fi yawa, 26, don da su aka yi ta ciniki a Sudan har 1957. Masu huda na Sultan Husaini Kamil suna ɗauke da 1335 da 1917 gefe da gefe. Fu'ad da Faruk kuwa ga hotonsu nan da jar dara. Baba yana ɗauka yana kiran sunayensu kamar tsofaffin abokai: wannan ta'arifa, wannan shilin, wannan riyal. Bakwai ne kawai azurfa a cikinsu. Huɗu na Sudan masu ɗan aike a kan raƙumi, na 1956, na tunawa ne kawai. Mai zakin kuma birr ne na Sarki Menelik na Habasha, nauyinsa ɗaya da dala, don dama an yi shi ne ya ture ta a kasuwa, bai kuwa iya ba.

Waɗanda dillali zai jefa cikin tagulla

A ƙulli na uku akwai wasu huɗu da na fara turewa gefe. Faɗinsu kamar majidi, amma sun yi ja-ja, bugun bai zauna daidai ba, wani gefen rubutun ya fita daga da'ira. Sai da na haska da fitilar waya a karkace na iya karanta "ɗuriba fi Umdurman". A gaban ɗaya, cikin wani zane mai kwaikwayon ɗugra, an rubuta "maƙbul", shekara 1304. Sauran ukun na bayan 1310 ne, biyu da "umla jadida".

Kuɗin Mahadiyya ne. Bayan faɗuwar Hartum a 26 ga Janairun 1885, Mahadi ya sa an buga fam na zinariya da riyal na azurfa. Da ya rasu a Yunin shekarar, Halifa Abdullahi ya ci gaba da bugawa a nan Umdurman. Na farkon suna da azurfa mai kauri, amma da baitulmali ya yi ta ƙarancinta sai aka riƙa ƙara tagulla shekara bayan shekara, har na ƙarshen suka zama tagulla da aka shafa wa azurfa sama-sama. 'Yan kasuwa suka riƙa ɓoye majidi da dala suna fito da waɗannan, hukuma tana tilasta a karɓa. Yaƙin Karari na 2 ga Satumban 1898 ne ya rufe maƙerar.

A sikelin maƙeri waɗannan huɗun ba su kai kuɗin jabana ba. A wurin mai tarihi kuwa su ne suka fi komai a gwangwanin, don shekara goma sha uku kacal aka yi ana buga su. Na yi ta mamaki: mun zauna muna neman dukiya a kuɗin Ostiriya, ashe abin da ya fi wuyar samu an ƙera shi ne a inda raksha za ta kai ka daga hararmu. Gwaggo ta ce waɗannan ba na Malam ba ne, na mijin Hajiya ne, kakanmu, wanda danginsa sun riga zuwa. Hakan bai saɓa wa tarihi ba. Mutanen yamma suna cikin Mahadiyya tun farkonta, har Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi musayar wasiƙu da Mahadi ya zama wakilinsa a yamma. Ayarin Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, daga baya ne ya iso, bayan yaƙin Burmi na 1903.

Zaren kwabbai da hanyar Malam

Kwabbai 19 ne a zaren, kuma a nan na fi daɗewa duk da su ne mafi arha. Wani maƙwabci da ya leƙo ya ga tauraro mai tsini shida ya ja da baya ya ce kuɗin Yahudawa ne. Ba haka ba ne. Kuɗin Turawan Ingila ne na Afirka ta Yamma, da aka fara bugawa a 1907, kuma tauraron shi ne wanda malamai suke kira hatimin Annabi Sulaimanu. Yana kan tsofaffin fulusan Maroko, yana kuma kan tutar Nijeriya ta zamanin mulkin mallaka. Har da Larabci a jikinsu, "wahid peni" a kan kwabo. Mafi ƙanƙanta shi ne anini, ɗaya bisa goma na kwabo, wanda na farkonsa da alminiyon aka yi. Baba bai taɓa taka Kano ba, amma ya jero mana su yadda ya ji a bakin kakansa: anini, ɗari, kwabo, ahu, taro, sisi, sule. A ƙarƙashin wasu akwai H ko KN ƙanana, alamar maƙerun Bamingham ne da suka buga su.

Da na jera su bisa shekara sai na ga sun fara daga 1912 sun tsaya cak a 1936. Na ƙarshen guda uku suna ɗauke da EDWARDVS VIII, sarkin Ingila da ya hau a Janairu ya sauka a Disamban shekarar saboda matar da yake son aure. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba, amma a Afirka ta Yamma an saki miliyoyi, saboda haka ba su da tsada. Amfaninsu gare mu daban ne. A gida kullum cewa ake Malam ya bar ƙasar Kano "kafin yaƙin Hitila". Zaren ya nuna bai fita kafin 1936 ba, kuma da wuya ya daɗe bayanta, in ba haka ba da mun ga na Sarki Joji na shida.

Sai masu zakara guda uku, na tagulla, 1942 da 1943, da gicciye mai sanda biyu a baya. Kuɗin yankin Faransa na tsakiyar Afirka ne, wanda Cadi take ciki. A Piritoriya ta Afirka ta Kudu aka buga su, domin Jamus ta mamaye Faransa, Cadi kuma ƙarƙashin Gwamna Félix Éboué ta bi Janar de Gaulle tun Agustan 1940. Hajiya takan ce a Abeshe ta yi wayo, mahaifinta yana ɗinkin hula yana koyar da yara. Ga shaida ta fito. Daga nan hanyar sananniya ce: Adare, Jinaina, Fashir, Nuhud, Ubayyid inda jirgin ƙasa yake tsayawa, sai gonakin audugar Jazira, inda dubban mutanenmu suka yi shekaru suna tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda.

Riyalan Saudiyya shida ne suka rufe labarin. Ƙanana ne, giram 11.6, nauyin rufi na Indiya, azurfarsu ta fi ta dala kyau. Huɗu suna da 1354, amma wannan ma shekara ce da aka daskarar, an yi ta buga ta shekaru, har a Filadelfiya ta Amurka, duk da "Makkatul Mukarrama" da ke jiki. Biyun kuwa 1370 ne, wato 1950 zuwa 1951. Ke nan Malam bai ga Ka'aba ba sai bayan kimanin shekara goma sha biyar da barin gida. Da na faɗi haka Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska, aka yi shiru.

Ba komai ne ya zauna daidai ba. Akwai biyu na alminiyon masu kan barewa, 1948, na yankin Faransa, alhali a lokacin Malam yana Sinnar. Baba ya tuna cewa ƙanen Malam ya biyo shi daga baya. Kuɗi yana tafiya a hannun da ba na mai shi ba, saboda haka shekarar da ke jikinsa tana cewa "ba kafin nan ba" ne kawai, ba ta rantsuwa a kan wanda ya ɗauko shi.

Rawayar, da abin da malam ya ce

Ita muka bari ƙarshe. Kan Sarki Joji na biyar a gaba, mahayin doki yana sukar dodo a baya. Fam ɗin zinariya na Ingila na gaske giram 7.98 ne, faɗinsa milimita 22, karat 22. Tamu ta yi giram 8 cif, kuma a ƙarƙashin ƙafar dokin akwai 21 ƙarama. Wani tsohon maƙeri da ya sake buɗe rumfarsa ya goga ta a baƙin dutse ya ɗiga ruwan gwaji, ya ce zinariya ce, amma ba bugun Ingila ba, irin wadda maƙera suke yi ce don hular amarya da sarƙa. Giram bakwai na tatacciyar zinariya, ba ƙari. Duk da haka ita kaɗai ta fi duk azurfar gwangwanin kuɗi. Da an bi ta dillali, da ta tafi a cikin "tarkace". Shi maƙerin ne ma ya ja mana kunne game da masu yawo suna cewa akwai jan zaiba a cikin tsofaffin kuɗi, irin ruɗin da ya sa mutane suka yi ta sayen tsofaffin kekunan ɗinki na Singer da tsadar hauka a Saudiyya a 2009. Ya ce duk wanda ya zo maka da wannan zance, kuɗin "gwaji" zai nema a hannunka.

Daga nan muka kai littafin gaban limamin hararmu. Abu na farko da ya hana shi ne rabo da ƙidaya, wai kowa ya ɗebi ashirin-ashirin. Ya ce a fara da bashi da wasiyya in akwai, sannan a yi wa kowane sule ƙima, a kasa shida: maza biyu-biyu, mata ɗaya-ɗaya. Wanda yake son ya riƙe wani abu don tunawa, a lissafa masa a cikin rabonsa. In za a sayar da azurfa ko zinariya, a karɓi kuɗin a zaman, hannu da hannu, ba "kawo in sayar in kawo maka" ba. In kuma musaya za a yi da awarwaro, azurfa da azurfa sai nauyi ya zo ɗaya.

Baba ya tambayi zakka, don yana tsoron ko Hajiya ta tafi da nauyi. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595, wato dala 26 na gaske. Tatacciyar azurfarmu duka ba ta kai giram 500 ba, kuma ko an haɗa da zinariyar, yadda Malikiyya suke haɗawa, ba ta cika ba. Baba ya yi hamdala.

Saura rabon Gwaggo ta Jidda. Ɗanta ya ce a ba wani mai zuwa Umara ya taho da nata a jaka. Nan ma aka tsaya. Dokar kare kayan tarihi ta Sudan ta 1999 tana ɗaukar abin da ya kai shekara 100 a matsayin kayan tarihi, ba a fita da shi sai da izinin hukumar da ke kula da su. Yanzu kuwa ido ya fi buɗewa, tun da aka wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa a Hartum da Gidan Halifa a Umdurman, har UNESCO ta yi kira a Satumban 2024 cewa kada kowa ya sayi kayan tarihin Sudan. Mutum zai iya shiga uku a filin jirgi da kayan kakarsa na halal. Saboda haka muka sa liman da dattawa biyu suka sa hannu a littafin, shaidar cewa gado ne, ita kuma aka tura mata nata da kuɗi.

An sayar da zinariyar da dala shida da faran uku, bayan an zagaya rumfuna uku. Baffa ya rufe ɗaki ɗaya da rabonsa, na biyun sai baɗi. Baba ya riƙe majidi biyu da riyalan 1370. Gwaggo ta ce a lissafa mata na Halifa huɗu da zaren kwabbai da masu kunnen nan biyu, aka lissafa, ta cika ragowar abin da ya hau kanta daga kuɗin ƙosanta. Jabun ba wanda ya yi mata ƙima. Tana aljihun Baffa, yana fito da ita a rakuba yana ƙwanƙwasa wa baƙi su ji bambanci.